Tambaya da Amsa: Na'urar tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama wata biyar da suka wuce. Yanzu yana takawa da sanda a cikin gida, amma ƙafar tana jan ƙasa. An ba mu shawarar a riƙa ɗora shi kan na'urar nan mai bel da ake tafiya a kanta a wuri ɗaya. Tana da amfani?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Tana da amfani, kuma irinsa, wato wanda ya riga ya fara takawa da kansa, shi ya fi cin moriyarta. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni da maimaici take sake koyon tafiya, na'urar kuwa tana ba mutum damar yin taku da yawa a jere, a gudu ɗaya, ba kwana ba tsayawa.

Kafin ya hau, likitansa ya duba zuciya da hawan jini, domin yawancin masu wannan larura suna da matsala a nan. Idan awon jininsa a zaune ya haura 180/110, ranar ba motsa jiki. Daga nan likitan fisiyo, wato mai gyara gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya auna gudunsa a ƙasa: a shata mita 10, a ga daƙiƙa nawa zai ci. Wanda ya wuce daƙiƙa 25 tafiyarsa ta cikin gida ce kawai, wanda ya gama cikin daƙiƙa 12 ya isa ya fita harkokinsa. Wannan awon ne zai nuna inda za a saita na'urar. Mai daƙiƙa 25 yana cin kusan kilomita 1.4 a awa, don haka a fara masa ƙasa da haka, kamar kilomita 1, a riƙa ƙara 0.1 ko 0.2 idan takunsa ya daidaita.

A farko minti 3 zuwa 5 sun isa, ya zauna ya huta, ya sake hawa sau biyu ko uku. A hankali a kai minti 20 zuwa 30, sau 3 zuwa 5 a mako. Inda aka fi yin sake shi ne a bar shi yana taku cikin nishaɗi wata da watanni, alhali sai zuciya ta ɗan wahala ake ganin canji. Misali mai shekara 60 da bugun zuciyarsa 80 a minti idan yana hutawa, ana so bugun ya kai tsakanin 112 da 136 yayin tafiyar. In yana shan maganin da ke rage bugun zuciya, lissafin nan ba zai yi ba, sai a yi masa magana yana tafiya: ya iya amsawa da gajeruwar jimla yana haki, amma ba har ya kasa magana ba.

Batun jan ƙafa kada a raina shi. A ƙasa yatsun da suka ja tuntuɓe kawai za su jawo, a kan bel kuwa na'urar za ta ja ƙafar ta yi baya da ita. Ana gyara wannan da abin roba mai riƙe idon sawu da ake sawa cikin takalmi, takalmin kuma ya zama rufaffe mai igiya. Mai kula da shi ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ya lura da gwiwa: idan tana ballewa baya duk lokacin da nauyi ya hau kanta, ko yana wurga ƙafar gefe kamar lauje, gudun ya yi masa yawa ko ya gaji. Haka in ya ƙanƙame ƙarfen dafawa ya jingina a kai, hannun ne ke aikin da ƙafar ya kamata ta yi. Dafawa kaɗan ta isa.

Ciwon ƙirji, jiri, zufa mai sanyi, ko sabon karkacewar baki da nauyin harshe, a kashe na'urar nan take a nemi asibiti.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata ko tsayuwa ba ta iyawa sai an riƙe ta. Na ji akwai irin wadda ake rataye mutum.

AMSA: Akwai. Ana sa wa mutum wata riga mai ɗamara a ƙugu da cinyoyi, a maƙala ta a sama ta ɗauke wani kaso na nauyinsa, galibi bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba, ana ragewa yayin da ƙarfi ke dawowa. In aka ɗauke fiye da haka diddige ba ya taka bel sosai, tsokoki kuma ba sa aiki. Ɗamarar in ta yi sako-sako takan zame zuwa hammata ta matse kafaɗar da ta shanye. Ana buƙatar ma'aikata biyu, ɗaya yana aza ƙafar, ɗaya yana riƙe ƙugu.

Sai dai kada ki ɗora duk fatanki a kanta. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum 408, aka wallafa a 2011, ya nuna wannan hanya ba ta fi motsa jiki na ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa da likitan fisiyo ke yi wa mutum a gida ba, jiri ma ya fi yawa a cikin masu hawa na'urar. Ga Mama, zama ba jingina, tashi daga kujera da jure nauyi a kan ƙafar da ta shanye su ne kan gaba.

TAMBAYA: Za mu iya sayen ta mu ajiye a gida?

AMSA: Bayan likitan fisiyo ya gwada mara lafiyar a kai ya amince. A duba mafi ƙarancin gudunta, domin na 'yan wasa da yawa suna tashi da fizga kuma da saurin da ya fi ƙarfin mai jinya. Ta kasance da dogayen ƙarafan dafawa a gefe biyu da igiyar kashewa da ake maƙalawa a riga, bayanta kuma a bar fili nesa da bango. Kada ya hau shi kaɗai. In ya sauka ya ɗan tsaya da dafawa, don ƙasa takan yi kamar tana motsi. Kowane zama a rufe shi da minti 5 zuwa 10 na tafiya a ƙasa, da juyawa, da tsallake ƙaramin abu, da hawa matakala, tunda bel ba ya koyar da ko ɗaya daga cikinsu. A maimaita awon mita 10 duk bayan mako biyu a rubuta.