Amsa ga mai tambayar kama babban kifin drum a lokacin sanyi

Malam ka ce tun da Disamba ta kama kana zuwa kogi kana dawowa hannu rabbana, alhali da zafi drum, wato kifin nan na koguna da tafkunan Amurka, har damunka suke a ƙugiya, kana tambaya ko ƙaura suke yi. Ba inda suka je ɗan'uwa, kai ne dai kake jefa fatsa a inda suka tashi. Ni shekara ta takwas ke nan ina zama a Louisville ta jihar Kentucky a Amurka, kuma kusan duk babban da na taɓa kamawa a watan Janairu ko Fabrairu ne, a ƙasan dam ɗin McAlpine na kogin Ohio.

Idan ruwa ya yi sanyi kifin nan taruwa suke a gurbi mai zurfi, su kwanta a ƙasa kusa da duwatsu inda ruwa baya ja da ƙarfi, jikinsu ya mutu basa son bin abinci. To kai kuma kana jefawa kana jawowa da sauri kamar watan Yuli, wa zai biyo ka? Sa dalma mai nauyi yadda koton zai taɓa ƙasa ya zauna, in baka ji dalmarka tana bugun dutse ba to wanka kawai kake wa tana. Ni na fi amfani da yankan shad, wannan ƙaramin farin kifin da sanyi ke kashewa da yawa ruwa ya kwaso su ta dam, drum na kwance a ƙasa suna tsinta a ɓagas. Tana ma tana yi amma ƙanana za su ishe ka. In koton ƙarfe mai sheƙi kake so, ka ɗaga shi kamar taƙi ɗaya ka sake shi ya koma a hankali, yawanci a faɗuwar suke ɗauka, kuma ba fizga za ka ji ba, nauyi ne kawai kamar ka maƙale a tsumma. Sau nawa ina zagin dutse ashe kifi ne wallahi.

Kar ka sa zare mara ƙarfi kuma. Drum ɗin da ya fi kowanne girma a tarihi a tafkin Nickajack na Tennessee aka kama shi a 1972, fam 54 da rabi, wajen kilo 25 ke nan. Nawa mafi girma fam 16 ne kuma sai da hannuna ya yi tsami, don shi ba tsalle yake ba, kai yake kafawa ƙasa ya yi ta ja kamar taurin kan jaki.

Turawan nan da yawa raina shi suke, a wajen tafkin Erie sheepshead suke ce masa suna mayarwa ruwa, a Luwiziyana kuwa gaspergou ne kuma miya suke da shi. Ni dai farfesunsa nake da attarugu da citta, naman da tauri baya dagargajewa a tukunya, sharaɗin kawai ka sa shi a ƙanƙara da ka cire, in ya kwana biyu sai ƙarni. Amma manyan ina sakinsu, kifin nan yana iya shekara da shekaru a ruwa yana murƙushe kwanson kogi da haƙoran da ke maƙogwaronsa, dattin ruwa na taruwa a jikin tsoho, gara ka ci mai fam biyu zuwa uku. In ka fasa kan ka duba, akwai wasu fararen duwatsu biyu a ciki, yarana sun cika kwalba da su.

Ka sabunta lasisi kafin ka fita, ka sa safar hannu biyu, kuma duwatsun bakin dam da safe santsi ne da su, na taɓa zama daɓas har waya ta tafi ruwa. Ni yanzu sai sha ɗaya ta wuce nake fita, lokacin rana ta ɗan narkar da ƙanƙarar.