Amsa ga ɗana Bashir kan tattakin ziyara zuwa Hubbaren Shehu

Assalamu alaikum, ɗana Bashir. Saƙonka ya iso, inda ka ce kai da abokanka uku kuna son ku taka da ƙafa daga Birnin Kebbi zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato, kana tambayar hanyar da za ku bi da yadda magabata ke shirya irin wannan tafiya. Allah Ya yi maka albarka.

Ka fara gyara niyya. Ya tabbata Annabi (SAW) ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya ce Allah ba Ya bukatar ya azabtar da kansa, ya umarce shi ya hau abin hawa. Don haka kada ɗayanku ya yi bakance. Wanda ƙafarsa ta gaza ya shiga mota. Akwai kuma malaman da ba su yarda a ɗaura tafiya don kabari ba, saboda hadisin da ya ce ba a ɗaura tafiya sai zuwa masallatai uku, wasu kuma sun halatta. Ka zauna da malaminka kan wannan tukuna.

Hanya biyu ce a gabanku. Ta Argungu ta fi miƙewa, wajen kilomita 150. Ɗayar ta Gwandu ce, ku faɗa Tambuwal, ku bi babban titi ta Dogon Daji da Shagari da Bodinga, kuma ta ɗan fi tsawo. Ni ita nake zaɓa muku, domin ita ce sawun tarihin. A Gwandu Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Shehu Usmanu da kansa ya zauna a Gwandu, ya koma Sifawa kusa da Bodinga, a 1815 ya shiga Sakkwato, inda ya rasu a 1817.

Amma ba a zaɓar hanya don gajartarta, da zango ake auna ta. Zango shi ne garin da kuka tabbata akwai ruwa, da masallaci, da wanda zai karɓe ku kafin rana ta faɗi. Ka ɗauki takarda ka jera garuruwan, tsakanin zango da zango kada ya wuce kilomita 25, kwana biyun farko ma ku tsaya a 15 zuwa 20. Matasa kan kwashi 40 ranar farko saboda ɗoki, rana ta uku cinya ta ɗaure, tafiya ta watse. Da wannan lissafi ku sa kwana takwas, har da yini guda na hutu a Gwandu. Kowane zango ku samu lambar wani tun daga gida. Idan kun isa, wurin liman ko mai gari za ku fara zuwa da ɗan goronku, ku faɗi sunanku da na iyayenku da inda kuka nufa. A wannan zamani, samari huɗu da jakunkuna su kwana a bakin gari ba wanda ya san da su, neman fitina ne.

Maganar tsaro kuwa ba a yanke ta sau ɗaya. Kowace safiya ku tambayi direbobin tasha halin hanyar gaba. In suka ce a dakata, ku dakata ko ku tsallake wurin a mota. Ban yarda ku ratsa daji don yanke ba, ban yarda da tafiyar dare ba. A titi ku bi gefen hagu, kuna fuskantar motar da ke tahowa, ɗaya bayan ɗaya.

Lokacinta hunturu ne, Nuwamba zuwa Janairu. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu kan haura digiri 40, da damina kuma fadamu sun cika. Ku tashi bayan Asuba, ku sauka inuwa wajen ƙarfe 11, sai bayan La'asar ku ƙarasa abin da ya rage.

Ƙafa ita ce dokinku, sai ku kula da ita. Sabon takalmi ba ya wannan tafiya. Wanda ka yi wata guda kana takawa da shi za ka sa, da safa ƙafa uku ana wankewa. Gumi da gogayya ke kawo bororo, don haka duk inda kuka zauna ku tuɓe, ƙafa ta sha iska. Da ka ji wuri ya fara zafi, liƙa filasta tun bai ɗuri ruwa ba. Da dare a wanke a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso. Kaya kada su wuce kilo 8: bargo, darduma, buta, tocila, gidan sauro, katin shaida. Guzuri dabino da ƙuli-ƙuli da garin kwaki, fura kuwa ana samu a hanya. Kowa ya sha ruwa lita 4 zuwa 5 a yini. Wanda jiri ko gudawa ya kama, a dama masa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita guda ta ruwa mai tsabta; in bai warware ba, asibiti.

Kafin fita, al'adarmu ita ce ka bi dangi gida gida ka yi sallama, ka biya bashi ko ka rubuta shi, ka nemi gafara, ka karɓi izinin mahaifiyarka da bakinta. Ku naɗa shugaba guda, kamar yadda hadisi ya umarci matafiya uku, a damƙa masa kuɗin hanya. In da hali ku fita ranar Alhamis. Tafiyarku ta wuce mil 48, saboda haka kuna ƙasaru, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu.

Idan kun isa hubbare, ku shiga da natsuwa, ku yi sallama ga mamatan, ku roƙa musu gafara, bukatunku kuma ku kai su ga Allah kaɗai. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, tana nan kusa da mahaifinta, ku sa ta a addu'a. Ku ware kuɗin motar komawa daban tun daga gida. Ka turo mini jerin zangon in duba kafin ku sa rana.

Baffanka.