Direba ya ci kofi, kamfaninsa ya ƙare na uku

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda Verstappen ya zama zakaran tseren motoci na Formula 1 a 2024 alhali Red Bull, kamfanin da yake tuƙa wa mota, ta ƙare ta uku. Ai kofi biyu ake nema. Na direba makinsa kaɗai ake ƙirgawa, na kamfani kuwa sai an haɗa makin direbobinsa biyu.

Verstappen ya tara maki 437, abokin aikinsa Perez 152 kacal, jimilla 589. Wallahi abin ya riƙa yi mini ciwo. Ina shagona a Agege, janareta na ruri, ina kallo a waya, sai in hango motar Perez can baya tana fama. A McLaren kuwa, wadda ta ci kofin kamfani, kowa ya taka rawar gani: Norris 374, Piastri 292, jimilla 666. Ferrari ma ta sha gaban Red Bull.