Tsohuwar manhaja ta ƙi fita, sabuwa ta ƙi shiga: me zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi laftof ta hannu, ta zo da wani antibairos da wa'adinsa ya ƙare, kullum sai ya addabe ni da saƙon in biya kuɗi. Da na gaji, sai na shiga Program Files na goge foldarsa. Yanzu na sayi lasisin wani sabo, amma ya ƙi shiga, wai akwai wani antibairos a kwamfutar. Mai gyara ya ce ko in sayi manhajar share rajista, ko in kawo ya yi mata fomat. Wanne ya fi?
Wata malamar makaranta daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mayar da kuɗinki jaka tukuna, ko ɗaya kada ki biya.

Goge folda ba cire manhaja ba ne. Kin karya karan rogo ne kawai, saiwar tana nan a ƙasa. Antibairos yakan dasa direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a can cikin tsarin kwamfuta, a cikin foldar Windows kanta, ya bar wasu ayyuka da ke tashi duk sanda aka kunna kwamfuta, ya ajiye bayanai a ɓoyayyar foldar ProgramData, sannan ya rubuta sunansa a rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitunansa, a matsayin mai gadin na'urar. Wannan sunan ne sabon ya gani ya ja da baya, domin antibairos biyu a kwamfuta ɗaya rikici suke yi har su daskarar da ita. Wani abin takaicin kuma, fayil ɗin da ke cire tsohon yawanci a cikin foldar da kika goge yake zaune. Shi ya sa in kin danna Uninstall a Settings ba abin da zai motsa.

Kamfanonin sun san da wannan matsala, kuma kusan kowanne yana da ɗan kayan aikin tumɓuke nasa, kyauta. Na McAfee shi ne MCPR, na Norton Remove and Reinstall, na Avast kuwa Avast Clear, na Kaspersky kavremover. Ki duba sunan tsohon, ki sauke nasa daga shafin kamfanin kansa, ba daga shafukan nan masu maɓallin Download biyar-biyar ba. Wasu sun fi aiki a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da abubuwan dole kawai: ki riƙe Shift ki danna Restart, ki bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, in ta sake tashi ki danna 4. In ya gama, lallai ki sake kunna kwamfutar kafin ki saka sabon, don direbobin ba sa sakin jiki sai an yi haka. Idan duk wannan ya ci tura, ki sake saka tsohon antibairos ɗin a kan ragowarsa, sannan ki cire shi ta Settings. Jin sa kamar komawa baya ne, amma hakan yana dawo da fayil ɗin cirewar da ya ɓata.

Ita manhajar share rajista, ban ga dalilin sayenta ba. Ba ta cire direbobi, kuma Microsoft da kansa ya ce ba ya goyon bayan amfani da irinta, saboda takan goge abin da Windows ke buƙata. Fomat kuwa yana da ɗan amfani a kwamfuta ta hannu, tunda ba ki san me mai ita na da ya bari a ciki ba. Amma ba don wannan matsalar ba. In ma kin so, Windows 10 da 11 suna da Reset this PC mai mayar da Windows sabo, ki kwafe fayilolinki a filashi ki yi da kanki.

Yau ɗin nan ki buɗe Windows Security ki duba. Microsoft Defender, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, yakan kashe kansa in ya ga an yi rajistar wani antibairos, don haka mai yiwuwa ne laftof ɗin tana zaune ba mai gadi ko ɗaya. Lasisin da kika saya ki more shi. Baɗi in ya ƙare, ki yi tunani sau biyu kafin ki sabunta: ga mai buga jarrabawa da shiga intanet, Defender ya isa.

Tambaya: Ina saka Office a kwamfutar shagona aka ɗauke wuta. Tun daga nan duk sanda na gwada sai ya tsaya a hanya. In sayi wani sabon ki, wato lambar lasisi, ne?
Mai shagon buga takardu daga Sakkwato

Amsa: A'a, ɗan uwa, ki ɗinka lafiyarsa ƙalau, ba shi ya hana Office shiga ba. Rabin aikin da wuta ta katse ne ya tare hanya. Ka sauke kayan cire Office daga shafin Microsoft, ya share ragowar, ka sake kunna kwamfutar, ka saka daga farko. Ka kula da abu biyu. Office mai 32-bit da mai 64-bit ba sa zama tare, ko guntun ɗaya ya rage ɗayan zai ƙi. Sannan in lamba 1618 ka gani, nufinta akwai wani sakawar da ke gudana a ɓoye, sau da yawa sabuntawar Windows ce. Ka ɗan jira ta gama.

Kuɗin da ka ware, ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ya fi cancanta da su, ko na minti goma ne ya ishe ka ka rufe aiki lafiya. Kuma in wani ya tallata maka ki mai araha na Office 2016 ko 2019, ka sani Microsoft ya daina tallafa musu tun 14 ga Oktoba, 2025, ba sauran gyaran tsaro da zai zo musu.