Kin Ce Maƙalunta Sun Haura Dubu, To Ga Ta Inda Ake Kama Su

Hauwa'u, 'yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin rubuta sunan Elizabeth Barrett-Connor, likitar Amurka mai binciken cututtuka a cikin al'umma, a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, sakamako ya yi ta zubowa shafi bayan shafi, maƙala sama da dubu a kan kolestarol da ciwon suga da homon da ƙashi da zuciya, har gwiwarki ta yi sanyi. Kika tambaye ni ta ina ake fara karanta irin wannan tari, kuma ke da ba ki fitar da ko ɗaya ba, yaushe za ki kamo ƙafarta.

Maganar kamo ƙafa ki jingine ta tukuna. Yawan da ya tsorata ki yana da dalili, kuma ba wani sirri ba ne. A 1972 Barrett-Connor ta kafa binciken Rancho Bernardo, wata unguwa a arewacin San Diego a Kalifoniya, inda kashi 82 cikin 100 na manyan mazauna wurin suka yarda a auna su. Aka ɗibi jininsu, aka auna hawan jini da nauyi, aka rubuta abin da suke ci da magungunan da suke sha, sannan aka ci gaba da bin su shekara da shekaru, wanda ya rasu a nemo takardar shaidar rasuwarsa. Wanda ya mallaki irin wannan ma'ajiya, ɗalibai da abokan aiki ne za su yi ta zuwa da tambayoyinsu, kowa ya rubuta tasa, sunan shugaba ya zo a ƙarshe. Saboda haka ki riƙa duba inda sunanta ya faɗo. Na farko shi ya yi wahalar rubutun, na ƙarshe galibi shi ne mai gidan aikin, na tsakiya kuwa yana iya zama ginshiƙi, yana iya zama ɗan rakiya.

Abin da za ki yi shi ne ki juya jerin, ki sa mafi tsufa a sama. Za ki tarar maƙalunta na farko ba ruwansu da zuciya, a kan cututtuka masu yaɗuwa suke, domin ta yi karatun cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan. Ki wuce su. Ki zaɓi zare ɗaya ki bi shi daga farko har ƙarshe, kuma zaren da ya dace da aikinki shi ne na istirojin, wato homon ɗin mata da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, da zuciyar irin waɗannan matan.

An daɗe da lura cewa mata ba sa kamuwa da bugun zuciya da wuri kamar maza, sai bayan al'ada ta ɗauke tazarar ke raguwa. An kuma san ƙwayar istirojin tana rage LDL, kolestarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiya, tana ɗaga HDL, wanda ake kira kolestarol mai kyau. Hankali ya ɗauka: a mayar wa mace homon ɗin da ta rasa, zuciyarta ta tsira. A 1987 mujallar Circulation ta buga maƙalar Trudy Bush da abokan aikinta, da sunan Barrett-Connor a ciki, suka nuna cewa a cikin matan da aka bi, mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da jijiyoyin jini a wurin masu shan istirojin ba ta kai rabin ta waɗanda ba sa sha ba. A 1991 su biyun suka tattaro hujjojin da ake da su a mujallar JAMA. Wanda ya tsaya nan zai ce ai ita ce uwar masu tallan homon.

Amma a shekarar 1991 ɗin ta fitar da wata 'yar gajeriyar maƙala a Annals of Internal Medicine, shafi biyu kacal, wadda a wurina ta fi manyan nauyi. Ta koma kan matan unguwar da take bi, ta ga cewa masu shan istirojin su ne kuma suka fi zuwa gwaje-gwajen lafiya, suka fi kula da jikinsu. To wa ya kare zuciyar, ƙwayar ko halin mai shanta? Likita ya fi rubuta wa mace mai ƙoshin lafiya homon, ya hana wadda hawan jini ko suga ya riga ya kama. Duk gyaran lissafin da za ki yi a kwamfuta, abin da kika auna kawai yake gyarawa. Ki lura da kyau, ra'ayin da sunanta ke kai ta ɗora wa wuƙa, ba na abokin hamayya ba. Wannan nake nema a jerin kowane mai bincike. Tela ba a yawan rigunan da ya rataye a shago ake gane shi ba, juya rigar ake yi a duba bayan ɗinkin.

Alamun gargaɗi ma sun riga sun bayyana ga mai ido. A Oktoban 1985 mujallar New England Journal of Medicine ta buga maƙala biyu a fitowa ɗaya. Binciken ma'aikatan jinya na Amurka ya ce istirojin na rage ciwon zuciya, na mutanen garin Framingham ya ce yana ƙara shi. Kafin nan ma an gwada istirojin a kan maza masu ciwon zuciya a wani babban gwaji da aka fara a 1966, dole aka dakatar da ɓangaren masu shan mai ƙarfin a 1970 saboda illa. Mutane suka ce ai maza ne, aka wuce.

Daga nan jerin nata ya shiga gwaji na ƙuri'a, inda ba mace ke zaɓa ba, ba kuma likitanta ba. Ƙuri'a ke raba wadda za ta sha magani da wadda za ta sha ƙwayar da ba komai a cikinta. Na farko PEPI, mata 875, aka buga a 1995. Homon ya gyara alƙaluman kitsen jini kamar yadda aka zata, ya kuma nuna cewa istirojin shi kaɗai yana kumbura bangon mahaifa ga wadda ba a cire mata ita ba. Sai dai PEPI jini ya auna, bai ƙirga bugun zuciya ba. Na biyu HERS, mata 2,763 da suka riga suka kamu da ciwon zuciya, aka buga a 1998. LDL ya sauka da kashi 11, HDL ya hau da kashi 10, amma bayan kimanin shekara 4 bugun zuciya da mutuwa ta dalilinsa ba su ragu ba. A shekarar farko ma masu shan homon suka fi shiga matsala, daskarewar jini a jijiya kuma ta kusa ninkawa uku. Ki karanta wannan maƙalar da fensir a hannu. Ki buɗe jadawalin farko ki ga yadda ɓangarorin biyu suka yi daidai a shekaru da taba da suga, sannan ki ɗauko jadawalin farko na kowane binciken sa-ido, wato wanda aka bi mata kawai ba ƙuri'a, ki ajiye a gefensa. A nan za ki ga da idonki abin da ƙuri'a ke yi.

Babbar guduma ta sauka a Yulin 2002, da aka dakatar da gwajin WHI na mata 16,608 kafin wa'adinsa. A cikin mata 10,000 a shekara, haɗin istirojin da furojastin, homon ɗin da ake haɗawa don kare mahaifa, ya ƙara 7 masu ciwon zuciya, 8 masu shanyewar ɓarin jiki, 8 masu kansar mama, ya rage 5 masu karayar ƙugu da 6 masu kansar hanji. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, shi ya sa har yau ake muhawara a kan wadda ta fara sha da zarar al'ada ta ɗauke. Kada ki fita kina cewa homon guba ne. Yana maganin zafin jiki da gumin dare da ke addabar wasu matan. Abin da ya faɗi shi ne ba da shi don rigakafin ciwon zuciya.

Barrett-Connor ba ta haƙura ba. A 2006 sunanta ne a gaba a maƙalar gwajin RUTH, mata 10,101, a kan maganin raloxifene, wanda shi ma ke rage LDL. Bai rage ciwon zuciya ba. Ya rage kansar mama da karayar ƙashin baya, ya ƙara daskarewar jini da shanyewar jiki mai kisa. Aka rubuta yadda ya fito. Ta rasu a 2019.

Kada ki ɗauka duk abin da ke jerin ya tsaya da ƙafarsa. Maƙalarta ta 1986 a kan homon DHEAS, maza 242, ta nuna masu ƙarancinsa sun fi mutuwa da ciwon zuciya. 'Yan kasuwa suka yi caraf suka mayar da shi maganin tsufa a kwalba, alhali binciken bai ba kowa ƙwaya ba, kuma da aka duba mata ba a ga abu ɗaya ba. In kin ga maƙala an ambace ta sau ɗaruruwa, ki bincika ko masu ambaton tabbatarwa suke yi ko ƙaryatawa.

Akwai kuma iyakar da ta shafe mu kai tsaye. Mutanen Rancho Bernardo galibi Turawa ne masu rufin asiri da asibiti a kusa. Matan da ke zuwa asibitinki da yawansu sun haihu takwas ko goma, abincinsu daban, hawan jini da shanyewar jiki suka fi kawo su. Hanyar aikinta za ki ɗauka, alƙalumanta ki bar su a Kalifoniya.

Yanzu maganar naki jerin. Na san kwamitin ƙarin girma ƙirga yake yi, na kuma san masu tura saƙo suna cewa a biya kuɗi a buga cikin mako biyu. Za a ba ki shawarar ki yanka aikinki gida huɗu, HDL maƙala, LDL maƙala, nauyi maƙala. Ban yarda ba. Mai karatu na gaske yana ganin adadin mutane iri ɗaya a maƙala huɗu ya gane, kuma sunanki ne zai zube. Mujallar da ba ta dawo miki da gyara mai ciwo ba, ba ta karanta ba.

Aikin naki na kitsen jinin matan da al'ada ta ɗauke musu, ga abin da zan duba tun kafin rubutu. Ki faɗi yadda kika tabbatar al'adar ta ɗauke, wata 12 cur ba jini, kuma ki ware waɗanda aka cire wa mahaifa. Da yawa ba su san shekarunsu daidai ba, ki rubuta yadda kika ƙiyasta. Ki tambayi ɗakin gwaji ko auna LDL suke yi kai tsaye ko lissafa shi suke da ƙa'idar Friedewald, domin in tiragilisarid, wani nau'in kitsen jini, ya wuce 400 mg/dL lissafin ba ya aiki. In kina ajiye jini, ki buɗe littafi a gefen firiza, duk ranar da wuta ta ɗauke ya narke a rubuta. Mafi muhimmanci, ki karɓi lambar waya biyu da kwatancen gida da sunan mai unguwa na kowace mace, da izininta a rubuce cewa za a sake nemanta. Awo na rana ɗaya zai ba ki maƙala ɗaya, kuma ba zai ba ki damar cewa wannan ne ya jawo wancan ba. In kika iya komawa kansu bayan shekara 5, tambayar da za ki amsa ta fi wannan girma nesa ba kusa ba.

Ki buga maƙalar 1987 da gajeriyar 1991 da ta HERS da ta RUTH, ki rubuta a bayan kowacce wa aka auna, wa ya zaɓi mai shan magani, me aka ƙirga. Ki zo da su ofis ranar Alhamis bayan la'asar, tare da fom ɗin tambayoyinki. Ki gaida maigidan da yaran.