Tsohuwar waya mai rutin za ta iya tare wa gida gaba ɗaya talla?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar waya Android da na yi wa rutin, wato na buɗe wa kaina cikakken iko a kanta, da manhajar Magisk, na sa mata manhajar tare talla ta AdAway, kuma tun daga nan talla ta ragu sosai a kanta. To amma talabijin da laftof da wayoyin iyali duk suna kan Wi-Fi ɗaya da ita, su kuwa ba abin da ya canza. Na ji ana cewa waya mai rutin tana iya tare talla ga duk na'urar da ke gida. Gaskiya ne? Ta ina zan faro?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Gaskiya ne, sai dai ba AdAway ne zai yi maka wannan aikin ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Duk lokacin da wata manhaja za ta ɗauko abu daga intanet, sai ta fara tambayar lambar wurin, domin na'ura ba ta aiki da suna, lamba ta sani. Wannan tambayar ita ake kira DNS. Abin da AdAway ke yi shi ne ya cika wani fayil mai suna hosts da dubban sunayen wuraren da talla ke fitowa, ya rubuta wa kowanne lambar da ba ta kai wa ko'ina, irin su 127.0.0.1, wato wayar kanta. Manhaja ta je ɗauko talla, ta dawo hannu rabbana. To amma fayil ɗin a cikin wayar yake, ita kaɗai ke duba shi. Talabijin ɗinka bai ma san da zamansa ba. Rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, yake tambaya, ita kuma ta miƙa tambayar ga kamfanin da ke ba ka intanet.

Saboda haka abin da kake buƙata shi ne wayar ta zama mai amsa tambayar kowa a gidan, wato sabar DNS mai tacewa. Manhajoji biyu ne suka fi suna a nan: Pi-hole da AdGuard Home. Pi-hole ya fi daɗewa, amma yana son cikakken Linux a ƙarƙashinsa, sai ka girka Debian ko makamancinsa a cikin wayar kafin ka zo kansa. AdGuard Home kuwa fayil ɗaya ne tal, an tanade shi don irin injin ARM da ke cikin wayoyi. A kan waya ni shi nake zaɓa, don duk abin da sassansa suka yi kaɗan, wuraren lalacewarsa ma kaɗan ne.

Rutin ɗin da ka yi, ga babban amfaninsa a nan. Na'urori suna aika tambayar DNS ta ƙofa mai lamba 53, tsarin Linux da Android ke kai kuwa ba ya barin manhaja ta tsaya a ƙofar da ke ƙasa da 1024 sai da cikakken iko.  Sauran aikin, wanda shi ne mai cin rai, yana wajen rauta da kuma hana wayar barci.

Wajen girkawa, buɗe Termux, manhajar da ake rubuta wa waya umarni a cikinta, ka rubuta `uname -m`. In ya ce aarch64, nau'in arm64 na AdGuard Home za ka sauke. In ya ce armv7l, sai armv7. Ka kunna shi da ikon rutin, sannan daga laftof ka buɗe lambar da rauta ta ba wayar (IP, ba lambar kira ba) a burauza da `:3000` a ƙarshe, shafin saiti zai bayyana. Akwai wani ɗan tarko da ke kama mutane da yawa: manhajar za ta tashi lafiya, amma ta kasa sauke jerin sunayen da za ta tare, tana kukan takardar shaidar da ake tantance shafukan intanet da ita. Dalili shi ne Android ba ta ajiye waɗannan takardu inda sauran Linux ke ajiye su, sai ka nuna wa manhajar hanya da `SSL_CERT_DIR=/system/etc/security/cacerts`. Don ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da wayar ta kunnu, ka sa ɗan umarnin kunna shi a `/data/adb/service.d`, inda Magisk ke dubawa. Kuma ka kashe hotspot ɗin wayar, don a wayoyi da yawa shi ma yana riƙe ƙofa ta 53, sai a ce maka wurin da mai shi.

Yanzu rauta. Da farko ka ware wa wayar lamba tsayayya, misali 192.168.1.10, don in lambarta ta canza gobe, duk gidan zai riƙa ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Sannan a saitin DHCP, inda rauta ke raba wa na'urori lambobi, ka rubuta wannan lambar a gurbin DNS. Gurbi na biyu zai ja hankalinka ka sa 8.8.8.8 na Google don ko-ta-kwana. Kada ka sa. Na'urori ba sa jiran na farko ya mutu kafin su tambayi na biyu, wani lokaci duk wanda ya riga amsawa shi suke bi, sai ka ga talla yau ta ɓace, gobe ta dawo, ka rasa dalili. Haka nan in rautarka tana raba IPv6, wato sabon tsarin lambobin intanet, tana iya tallata kanta a matsayin DNS ta can, tambayoyi su zagaye wayar ta bayan gida. Wasu rautocin da kamfanoni ke bayarwa ma ba sa bari a taɓa DNS sam. In taka irin su ce, sai ka bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ka rubuta lambar da hannu.

Ka lura da abin da ka yi ke nan: ka ɗora intanet ɗin gida gaba ɗaya a wuyan tsohuwar waya. Ran da ta yi barci ko ta mutu, Wi-Fi zai nuna cike, amma ba shafin da zai buɗe, kuma kai za a zo nema. An ƙera waya ne don ta riƙa tattalin batir, ba don ta kwana tana gadi ba. Tun daga Android 6 akwai tsarin Doze da ke rage ayyuka in an ajiye waya ba a taɓa ta ba. Ba ya shiga muddin tana kan caji, to amma barin tsohon batir a cike dare da rana na tsawon watanni shi ke kumbura shi. Na ga wadda bayanta ya ɗaga har murfin ya rabu da jiki, ana hango batirin kamar matashin kai. Maganin da aka saba shi ne ƙarin Magisk mai suna ACC, wanda ke tsayar da caji a inda ka saita masa, misali kashi 60, ya ci gaba in ya sauka, ko da yake ba kowace waya ke karɓarsa ba. Sai dai da ya yanke cajin, wayar na iya ɗauka an cire ta daga wuta, Doze ya dawo. Don haka ka haɗa da umarnin `dumpsys deviceidle disable` a cikin wancan fayil na tashi. In wayar na karɓar igiyar intanet ta USB, ka haɗa ta da rauta kai tsaye, ya fi Wi-Fi tabbas nesa ba kusa ba.

Gara kuma ka san iyakar abin tun yanzu, kada ka sha wahala ka zo kana cizon yatsa. Tallar YouTube ba za ta tafi ba. Bidiyon da tallar daga wuri ɗaya suke fitowa, DNS kuwa suna kawai yake gani, in ka tare ɗaya ka tare duka. Haka Facebook da Instagram. Abin da zai tafi shi ne tallar cikin wasanni da ƙananan manhajoji, allunan da ke cika shafukan labarai, da yawancin bayanan da talabijin mai intanet ke aika wa kamfaninsa a ɓoye. A wasu shafuka za ka ga farin fili inda tallar take, don share wannan sai irin su uBlock Origin a cikin burauza. Akwai kuma masu tsallake shinge: wayar da aka sa wa Private DNS, wanda ya zo da Android 9, ko burauzar da aka saita ta riƙa ɓoye tambayoyinta, ko na'ura irin Chromecast da ke zuwa wurin 8.8.8.8 ba tare da ta tambayi kowa ba.

Wasu abubuwa kuma za su karye. Sakamakon farko na binciken Google, in talla ne, zai ƙi buɗewa, wasan da ke ba da lada in an kalli talla zai tsaya. Kada ka tara jerin sunaye goma a rana ɗaya don ganin lamba ta yi yawa. Fara da wanda ya zo da manhajar, in wani abu ya ƙi aiki ka buɗe rajistar tambayoyi, ka ga sunan da aka tare a daidai lokacin, ka sake shi.

Wannan rajistar, ka sani, tana nuna maka sunan kowane wuri da kowace na'ura ta nema, har da lokaci. Amana ce. Ka faɗa wa mutanen gidan, ko ka rage kwanakin da take ajiyewa, ko ka kashe ta in komai ya daidaita. Ka sa wa shafin saitin kalmar sirri mai ƙarfi, kuma kada ka buɗe ƙofa ta 53 ga waje ta rauta, musamman da yake wayar ta daina samun gyaran tsaro.

Kafin ka taɓa rauta, gwada da laftof kaɗai. Sa masa lambar wayar a matsayin DNS, ka rubuta `nslookup doubleclick.net 192.168.1.10`. In amsar ta zo 0.0.0.0, tacewa na aiki. Ka bar shi haka mako guda, ka riƙa dubawa da asuba bayan wayar ta kwana allonta a kashe. In ta ci wannan jarrabawar, sai ka ɗauki hoton tsohon saitin rautar, ka nuna wa wani a gidan yadda ake mayar da shi ran da ba ka nan, sannan ka juya kowa.