Me Ke Jiran Sabuwar Ɗaliba a Ɗakin Gwajin Leza Mai Matuƙar Sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kuma na samu gurbin karatun digiri na uku a wata jami'a a Jamus, a ɗakin gwajin da ke nazarin sinadarai da leza mai matuƙar sauri. Ban taɓa aiki da irin wannan na'ura ba. Yaya aikin yake a kullum, kuma wane shiri zan yi kafin tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan tafiya. Bari in fara da abin da za ki auna, domin shi ne ke bayyana duk wahalar da za ki tarar. Ma'aunin lokaci a wannan fanni shi ne femtosakan, wato kashi ɗaya idan aka raba sakan gida miliyan sau biliyan. Haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a sakan guda, tafiyarsa ba ta wuce kashi uku cikin goma na mikromita (kashi ɗaya cikin miliyan na mita) a femtosakan ɗaya. A irin wannan ɗan lokaci ne ƙullin da ke haɗa ƙwayoyin zarra ke tsinkewa ko ƙulluwa. Ahmed Zewail, ɗan Masar da ya yi aiki a jami'ar Caltech ta Amurka, ya nuna a 1987 cewa ana iya bin rabuwar sinadarin ICN (haɗin aidin da kabon da naitirojin) mataki-mataki, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1999. Hatta ganin da kike yi da idonki yana farawa ne da lanƙwasar wani sinadari a bayan ido cikin kimanin femtosakan 200.

Babu kyamara ko agogon lantarki na yau da kullum da zai iya kama wannan sauri, don haka ake amfani da dabara. Ana raba ƙyallin leza gida biyu, na farko ya bugi samfurin ya tayar da shi, na biyu ya biyo baya ya duba halin da yake ciki. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa da nisa ake sarrafa ta: idan kika matsar da madubi da mikromita 15, hasken zai yi ƙarin tafiyar mikromita 30 zuwa da dawowa, wanda ya yi daidai da jinkirin femtosakan 100. Ke nan lokaci ya koma abin da ake aunawa da motsin madubi a kan ƙaramin dogo.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa mafi yawan ranakunki za su tafi a saita madubai. Teburin gwajin yana zaune a kan ƙafafu masu iska don kada girgizar bene ta isa gare shi, ana riƙe zafin ɗakin a ma'auni ɗaya dare da rana, kuma da safe sai an bar lezar ta yi ɗumi na kusan awa guda kafin a amince da ita. Ƙurar da ido ba ya gani, idan ta sauka a kan madubi, ƙarfin hasken na iya ƙone ta ya bar tabon da ba ya gogewa. Na taɓa shafe kwana huɗu ina neman abin da ke lalata mini sakamako, ashe iskar na'urar sanyaya ɗaki ce ke bugun madubi ɗaya. Awon kansa yakan ɗauki 'yan sa'o'i, ana maimaita bugun dubban sau domin a tsamo canjin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A ganina wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mai haƙurin taɓa abu ɗaya kaɗai a lokaci guda, ya rubuta abin da ya taɓa a littafin ɗakin gwaji.

Maganar ido kuwa, ina roƙonki ki ɗauke ta da matuƙar muhimmanci. Lezar da aka fi amfani da ita, mai dutsen safaya da aka gauraya da titaniyam, tana fitar da haske mai tsawon zango wajen nanomita 800 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, tsawon zango kuwa shi ke nuna launin haske), inda idon ɗan Adam da ƙyar yake ganin jan ɗigo mai rauni, alhali ƙarfinsa na iya ƙona bayan ido kafin ki ƙifta. Wannan ƙarfi ya samu ne daga hanyar da Donna Strickland da Gérard Mourou suka fito da ita a 1985, ta miƙe ƙyallin, a ƙara masa ƙarfi, sannan a sake matse shi. Ki sa tabaran kariya da suka dace da tsawon zangon hasken da ake aiki da shi, domin ba kowane tabarau ke tare kowane haske ba. Ki cire zobe da awarwaro da agogo, ki ɗaure gefen mayafinki da kyau kada ya ratsa hanyar haske, kuma kada ki sunkuya har idonki ya zo daidai da tsayin tebur, ko da biro ne ya faɗi.

Dangane da shiri, ki koma kan darasin haske na matakin farko, musamman yadda madubi da gilashin tattara haske ke aiki, ki kuma sake karanta lissafin Fourier, domin shi ke bayyana dalilin da ya sa gajeren ƙyalli dole ya ƙunshi launuka masu yawa. Ki koyi Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, tun yanzu, don da ita za ki tace bayanan da kika tara. Iliminki na sinadarai babban jari ne, tunda ɗaliban fizik da yawa suna iya saita leza amma suna shan wahala wajen haɗa samfuri mai tsabta. Idan kin isa, ki nemi babban ɗalibin da ya daɗe da na'urar, ki tsaya kusa da shi makonnin farko kina kallon hannunsa, ki tambaye shi waɗanne madubai ne ba a taɓawa sai da izini.